Kalangu a Filin Kokawa

Rauda ba ta san sanda ta ƙwalla ƙara ba.

Yayanta Yakubu na durƙushe a tsakiyar filin kokawar Mawashi, hannu a baki, jini na bin yatsunsa. A kansa Kabo ne tsaye, Kabon da take so kamar ranta, yana kallon hannunsa na dama kamar ba nasa ba.

Naushi! A filin kokawa!

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..." Abin da bakinta ya iya furtawa ke nan.

Sai ga kakarta Iyatu ta ratso taro, zani a ɗamare, tana ture ƙarti da sanda.

"Ku ba ni wuri! Wane ɗan marar mutuncin ne ya fasa mani bakin miji?"

Haka take kiran jikan nata tun yana goye. Ita ta raine su shi da Rauda bayan rasuwar iyayensu, kuma tun farko ba ta ɓoye ba, ba ta son Kabo. Gidanta gidan noma ne da kokawa. Shi kuwa ɗan mahautan Kankia ne, ɗan dambe tun yana yaro.

"Ɗan kokawa shi rungume ka, shi kai ka ƙasa, shi miƙa maka hannu ka tashi," ta sha faɗa wa Rauda. "Ɗan dambe kau? Shi naɗe hannu da igiya, shi tsaya nesa yana auna inda zai rotsa ka. Irin wanga zan ba ɗiya?"

Don ya wanke kansa ne Kabo ya ajiye igiyarsa, ya ce bana in an gama girbi zai shiga kokawa da Yakubu a gaban kowa. Ga abin da ya haifar.

Washegari da hantsi wayar Rauda ta yi ƙara. Ta laɓe bayan rumbu ta ɗauka.

"Rauda... hasken idona..."

"Kar ka ƙara ce mini haka! Haƙorin yayana na cikin aljihun Iya. Ta ce sai ta kai ka gaban mai gari."

"Wallahi ban yi niyya ba, masoyiya. Mun sunkuya, kai da kai, ina neman ƙafarsa... sai na ji takena."

"Takenka?"

"Kiɗan da ake yi mini in zan shiga dambe. Kalangu ya kira sunana a bayana. Jikina ya ɗauki tsima, ban san sanda hannun ya tafi ba."

Ya ƙara da cewa:

"In aka raba ni da ke, Rauda, ban san inda zan sa kaina ba."

Ta kashe wayar tana kuka. Tana juyowa ta ga Iyatu a bayanta, riƙe da ƙugu.

"Mi ya ce? Kalangu?"

"Iya, don Allah..."

"Rufe mani baki! Tun ina budurwa nike zuwa filin nan, ganga aka sani. Kalangu na mahauta ne. Uban wa ya kawo shi Mawashi?"

A zauren mai gari, inda aka tara Kabo da makaɗan filin, Iyatu ba ta jira an ba ta izinin magana ba. Ta kwance ƙullin tsumma ta ajiye haƙorin a kan tabarma.

"Ranka shi daɗe, ni ban yi boko ba, ban san zagaye-zagaye ba. Ga haƙori. Hakkina nike so. Amma kafin nan a tambayar mani wancan mai kalangun, wa ya gayyato shi?"

Makaɗin ya sunkuyar da kai yana murza hula.

"Ɗanmaliki ne ya ɗauko ni a babur daga Kankia. Ya ce in na ga sun haɗa kai, in saki taken Kabo, wai don a ƙara masa ƙarfi."

Zauren ya ɗauki salati.

Rauda, da ke bakin ƙofa cikin mata, ta dafe ƙirji. Ɗanmaliki! Ɗan maƙwabcinsu, wanda ya nemi aurenta ta ce ba ta so tun bara, wanda jiya ya fi kowa ihun a kori baƙo!

"Ni fa taimako na yi..." Ɗanmaliki ya fara.

"Taimakon uwaka!" Iyatu ta ɗaga sanda sai da aka riƙe ta. "Kullum kana gidana, Iya ina kwana, Iya ga goro, ashe maciji nike shayarwa! In na ƙara ganin ƙafarka a ƙofata sai na karya ta!"

Mai gari ya yi gyaran murya.

"To Iyatu, tunda gaskiya ta fito, sai a yafe wa yaron nan."

"A yafe? Kalangu ne ya naushi jikana ko hannu?"

Ta juya ta tsare Kabo da ido.

"Kai ɗan mahauta. Yau kiɗa ya ja hannunka. Gobe in ɗiyata ta ɓata maka rai a ɗaki, mi zai riƙe shi? Za ka koma filin nan da Yakubu. Kuma wanga makaɗin zai tsaya a kunnenka yana buga maka taken naka. In ka dunƙule hannu, ko ba ka kai duka ba, ka manta hanyar Mawashi."

"Iya!" Rauda ta yi ƙara. "Wannan ai..."

"Na yarda," in ji Kabo.

Ranar Juma'a bayan La'asar filin ya cika har kan itatuwa, mutanen Kusada da na Kankia duk sun zo ganin ƙwal. Yakubu ya shigo da giɓinsa, fuska ba annuri.

Suka sunkuya. Kai ya haɗu da kai.

Iyatu ta ɗaga sanda.

"Buga!"

Kalangu ya tashi.

Rauda ta ga jikin Kabo ya hau ɓari. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Kafaɗarsa ta dama ta ja baya, yadda take yi kullum kafin ya kai naushi. Yatsunsa suka fara lanƙwashewa...

"Ya Allah... Ya Allah..." Ta cusa gefen mayafi a baki.

Sai Kabo ya ware hannun nan gaba ɗaya, ya rungumo Yakubu da shi, ya ƙanƙame shi kamar wanda ya ga ɗan'uwansa bayan doguwar tafiya. Ya bar ƙafafunsa a buɗe, ba tsaro ko kaɗan.

Yakubu kuwa bai yi masa ragi ba. Ya sa ƙafa, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da ƙasa.

Tim!

Kabon da ba a taɓa ganin bayansa a ƙasa ba a filin dambe, ga shi shimfiɗe yana kallon sama, tafin hannunsa a buɗe, kalangu na ta kiran sunansa.



Yakubu ya tsaya yana haki. Can ya sunkuya ya miƙa masa hannu.

"Tashi, suruki. Kokawarka dai abin kunya ce."

Ihu ya ɓarke. Rauda ta zube a jikin ƙawarta, kuka da dariya a haɗe.

Iyatu ta tako har gaban Kabo. Ta kama hannun damansa ta jujjuya shi, tana duba tsofaffin tabon igiya.

"Ka faɗi kamar buhun gero," ta ce. "Ban taɓa ganin ragon ɗan kokawa irinka ba."

"Haka ne, Iya."

"Ka turo manyanka."

Ta juya za ta tafi, sai kuma ta waiwayo ta nuna Rauda da sanda.

"Ke kuma share hawayen nan. Wanga mijin nawa ne, aro zan ba ki."