Matar Nukkai Mai Riƙe Baki

A tsakar gida Mama Lydia take ɓare gyaɗa lokacin da ta ji 'yarta Godiya na karanta wa Tobiya sunaye daga waya. Saura wata uku bikinsu, amma tun hatsarin hanyar garin Mutum Biyu, inda yaron motarsa ya rasu, Tobiya bai sake taɓa sitiyari ba. Magana ma sai an ja shi.

"Mutum uku na samo masu duba damuwa," in ji Godiya. "Ta farko Madam Joan."

"'Yar zumuntar matan cocinmu? Kafin Lahadi kowa ya ji," in ji Tobiya.

"Tana iya riƙe sirri, amma okay. Na biyu da Turanci kawai yake aiki."

"Abin da ke cina ba zai fito da Turanci ba."

Ta ukun ita ce Hajja Aisatu ta unguwar Nukkai. Tobiya ya kira ta da kansa, ya tambayi takardunta da yadda take aiki, ta amsa ba gaggawa.

Nan Mama Lydia ta ture tiren gyaɗa. "Likitan mahaukata ke nan! Zan bi ku. In ta ce kansa ya taɓu, babu aure."

Godiya ta yi kuka.

Ranar Talata Mama ta ɗauki tabarma da kular abinci, don a saninta ba a barin mara lafiya ya shiga wurin likita shi kaɗai. A ƙofa Hajja Aisatu ta tare ta da fara'a.

"Mama, shi kaɗai zai shiga."

Awa guda Mama tana cika tana batsewa. Da aka fito ta ja Hajja gefe.

"Ni ce surukarsa. Me ya faɗa miki?"

"Jam, lafiya lau, Mama. Ko uwar da ta haife shi ba zan gaya wa ba. Ki tambaye shi."

Mama ta koma gida cike da haushi. Ga ta da son jin ƙwaƙwaf, ga mace ta rufe mata ƙofa cikin ladabi! Amma abin ya tsaya mata a rai. Shekara shida da rasuwar mijinta, duk wadda ta kai wa kukanta sai ta tsinci zancen a kasuwa.

Godiya ta yi ta raka Tobiya kowace Talata, tana jira a waje, ba ta taɓa tambayarsa komai ba. Ta gane cewa mai son mutum yakan jira shi, kuma neman taimako ba hauka ba ne.

A mako na tara Tobiya ya tuƙo mota har ƙofar gida. Mama Lydia ta fito da mayafinta, ta shige gaba.

"Ina za mu, Mama?"

"Nukkai, ɗana. Kai ni wurin matar nan. Kai da Godiya kuma ku jira a waje."