Sarƙar Yumɓu a Aji Biyu

Hadari ne ya mayar da Malama makaranta gab da magariba. Da rana 'yan ajinta sun mulmula yumɓun wasa mai launi, sun huda da tsinke, sun jera duwatsun sarƙa a faranti bakin taga don su sha iska. Gobe iyaye za su zo gani, ita kuwa ta manta tagar a buɗe.

Maigadi yana alwala a bakin ƙofa. "Malama, ko gado za mu kawo miki ajin nan ne?"

"Yanzu zan fito, Baba," ta ce tana dariya.

Baranda ta yi tsit, sai ƙamshin ƙasa da warin alli. Malama ta tura ƙofar aji, ta danna makunni. Babu wuta.

Sai ta ji wani sauti. Shuu, shuu. Tafin hannu na murza abu a kan tebur.

A bencin ƙarshe wata yarinya ce zaune, kai a sunkuye.

"Ke 'yar wa? Ba a zo ɗaukarki ba?"

"Ban gama ba," yarinyar ta ce ƙasa-ƙasa. "Kullum sai ki tsallake ni."

Malama ta san 'yan ajinta kamar yunwar cikinta. Wannan ba ta cikinsu. Duk da haka ta matsa. Yumɓun da ke hannun yarinyar baƙi ne wuluk, yana warin tsohuwar rijiya.

"Na yi miki sarƙa. Sunkuyo."

Ba ta yi niyya ba. Wuyanta ne ya sunkuya da kansa.

Yatsu masu sanyi suka zagaya har ƙeyarta, suka ƙulla zare. Yarinyar kuwa ko motsi ba ta yi ba daga inda take zaune.

"Ta yi miki kyau. Bari ta bushe."

Sarƙar ta fara tsukewa.

Malama ta buɗe baki za ta ambaci Allah, murya ta ƙi fita. Ta ja sarƙar da hannu biyu. Kamar dutse.

Idonta ya soma rufewa. Ta yi baya taga-taga, ta bugi faranti, duwatsun yara suka watse a ƙasa.

Sai ruwa ya ɓarke.

Feshi ya shigo ta taga, ya jiƙa mata wuya. Yumɓun ya saki, ya narke a yatsunta.

"Kin ɓata mini!" Muryar tsohuwa ce, dab da kunnenta.

Ta taga Malama ta dira. A cikin taɓo maigadi ya tsince ta.

Kwana uku kafin ta iya magana, kuma har yau muryar a dishe take. Ta roƙa aka mayar da ita ofis. Ranar da aka kawo sabuwar malamar aji biyu, ta ja ta gefe ta faɗa mata komai. Matar ta yi dariya, ta ce ita ba ta jin tsoron irin wannan.

Sabuwar malamar tana magana tana sosa wuya.