Furen Shadda a Kan Mayafi

Shatu ba 'yar Daura ba ce. Daga Baure aka kawo ta gidan kawunta don ta yi karatu. Ta zo da jakar kayanta, da takalmin makaranta, da kewar Innarta.

A makaranta kowa yana da ƙawa. In an fita tara, 'yan mata su zauna gungu-gungu suna cin awara suna dariya. Shatu kuwa sai ta tafi gindin darbejiya ita kaɗai. Takan ci gyaɗarta a hankali, ɗaya bayan ɗaya, don kada ta ƙare kafin a kaɗa ƙararrawa.

A gida ma babu yara. 'Ya'yan Kawu duk sun girma sun tafi. Saboda haka in ta taso daga makaranta, sai ta wuce shagonsa da ke bakin kasuwa.

Kawu Kabo mai surfani ne. Yana da inji mai aiki da kwamfuta. Za a zaɓi zane a kwamfuta, a sa shi a filashi, a soka filashin a jikin inji. Sai inji ya ɗinka zanen a kan yadi, tatata, tatata, har ya gama.

Kawu Kabo mutum ne mai son yabo. In babu mai yabonsa, shi yake yi wa kansa. Akwai dogon madubi a shagon. Ya ce na masu gwada kaya ne, amma babu wanda ya kai shi tsayuwa a gabansa.

"Ni Kabo!" yakan ce, yana karkata hula. "Daga nan har Kongolam bakin iyaka, wa ya kai ni iya wuyan riga? Amma ki dubi yadda kwamfutar nan take wulaƙanta ni. In ce ta buɗe, sai ta tsaya tana tunani kamar alƙali."

Gaskiya ne, kwamfutar ta cika maƙil. Zanuka ne birjik a cikinta, na wuyan riga, na hannu, na mayafi. Aikin Shatu shi ne ta sa zane a filashi. Kawu ya nuna da yatsa, ita kuma ta danna.

Wata rana da yamma wata yarinya ta yi sallama. Shatu ta ɗaga kai. Siddiƙa ce, 'yar ajinsu, wadda kowa yake son zama kusa da ita.

"Lah! Ke ce mai gindin darbejiya?" in ji Siddiƙa. "Ashe nan kike!"

"Shagon kawuna ne," in ji Shatu a hankali.

Siddiƙa ta gaida Kawu, ta buɗe leda. Farin mayafi ne mai laushi, shara-shara.

"Baba, ranar Asabar zan yi saukar Alƙur'ani. Fure nake so a bakinsa."

"Kin zo inda ya dace, 'yata," in ji Kawu. "Da kin kai wa Nagoggo na tsallaken titi, da ya yi miki fure mai kama da kabewa."

Aka ce kwamfuta ta buɗe furanni. Ta tsaya tana tunani. Aka jira, aka jira. Shatu ta ji kunya kamar ita ce kwamfutar. Da ƙyar hotuna suka fito.

"Wanne kika ga ya fi?" Siddiƙa ta tambaye ta.

Tunda Shatu ta zo Daura, babu wanda ya tambaye ta ra'ayinta. Ta nuna wani fure mai ganye siriri.

"Shi nake so," in ji Siddiƙa. Da ta kai bakin ƙofa sai ta juyo. "Ki zo walimata ranar Asabar. Za a yi waina."

Ranar Shatu ta koma gida tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa.

Washegari Kawu ya tafi gaisuwar wani maƙwabci, ya bar ta tana jiran shago. Shiru ya yi yawa. Shatu ta zauna a gaban kwamfuta tana kallon zanuka.

Sai ta lura da wani abu. Zanuka da yawa biyu-biyu ne. Wasu ma sun fi haka. Hoto ɗaya, suna kusan ɗaya.

"Shi ya sa take nauyi!" in ji Shatu. "In na goge maimaicin, za ta yi sauri. In Siddiƙa ta dawo, ba za mu ji kunya ba. Kawu ma zai yaba mini."

A gefen kowane fayil akwai lamba mai nuna girmansa. Wani babba, wani ƙarami. Shatu ta ce a ranta, ai babba ya fi ƙarami kyau. Ta dinga barin babba tana goge ƙarami.

Ta zo kan furen Siddiƙa. Shi ma biyu ne. Ta goge ƙaramin.

Da ta gama, ta buɗe kwandon shara na kwamfutar. Kwamfuta ta tambaye ta ko ta tabbata. Wannan karon kwamfutar ta fi Shatu tunani. Shatu ta danna eh. Komai ya tafi.

Ba ta gaya wa Kawu ba. Tana so ya gani da kansa ya yi mamaki.

Da lokacin aikin mayafi ya yi, Kawu ya ɗaure shi a kan inji. Hannunsa yana kan zare, bai juyo ba.

"Shatu, sa mini furen nan. Na mayafi fa, ba na shadda ba."

Shatu ta duba. Fure ɗaya ne kawai ya rage. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta rufe. Ta ce a ranta, ai duk ɗaya ne.

Ta sa shi a filashi. Hoton fure ya fito a fuskar inji. Kawu ya ce bismillah, ya danna, ya fita waje yana gaisawa da mai rake.

Inji ya fara. Tatata, tatata. Sai sautin ya canza. Allura tana ta sokar wuri ɗaya. Mayafi ya fara tattarewa. Can sai aka ji ƙiii!

"Kawu! Kawu!"

Kawu ya shigo da gudu, ya kashe inji. Amma aikin gama ya gama. Bakin mayafi ya yage, zare ya cukuikuye a kansa.

Kawu ya cire hula. Shatu ba ta taɓa ganin ya cire hula a shago ba.

"Wannan furen shadda ne," in ji shi. "Ina na mayafin?"

Shatu ta fashe da kuka. Ta faɗa masa komai.

Kawu ya zauna ya duba kwamfuta. Sa'an nan ya jawo guntun shadda da guntun yadin mayafi, ya miƙa mata.

"Taɓa wannan. Taɓa wancan. Ɗaya ne?"

"A'a, Kawu."

"To, haka furannin suke. A hoto kamarsu ɗaya. Amma na shadda zare ne a kan zare, allura ta soka ta sake sokawa, don shadda tana da ƙarfi. Na mayafi sama-sama yake tafiya. Shi ya sa fayil ɗinsa ya fi ƙanƙanta. Kin goge mini duk na mayafi, 'yar nan."

"Na zaci maimaici ne."

"Wasu maimaicin ne, ban musa ba. Amma da kin tambaye ni. Kuma da na ce na mayafi, kika ga babu, me ya hana ki magana?"

Shatu ta sunkuyar da kai.

"Ba zan dake ki ba," in ji Kawu. "Amma ke za ki je ki gaya wa mai mayafi. Da bakinki."

Hanyar gidan su Siddiƙa ba ta da nisa, amma ranar ta yi wa Shatu tsawo. Ta yi sallama a zaure. Siddiƙa ta fito da murmushi.

"Har an gama?"

"Ya yage," in ji Shatu. "Ni na jawo. Na goge zanen da ya dace, na sa wanda bai dace ba."

Murmushin ya ɓace. Idanun Siddiƙa suka cika da hawaye.

"Yayata ce ta aiko mini da shi daga Katsina! Me zan yafa ranar Asabar? Da na sani wurin Nagoggo na kai!"

Ta shige gida ta bar Shatu a tsaye.

Washegari a aji Siddiƙa ko kallonta ba ta yi ba. Da aka fita tara, Shatu ta zauna a gindin darbejiya. Gyaɗar ma ta kasa ci. Da can ba ta da kowa, kuma ta saba. Yanzu ta kusa samun ƙawa ta rasa, sai abin ya fi ciwo.

Da yamma Innarta ta kira wayar Kawu daga Baure.

"Inna, ni dai gida zan dawo."

"Saboda kin yi ɓarna?" in ji Inna. "Kin faɗi gaskiya?"

"Na faɗa."

"To, saura gyara. Ki tsaya ki gyara, uwata. In kin gudo, mayafin zai ɗinke kansa ne?"

Kawu yana gefe yana goge takalmi. Ya sa babbar hularsa, ya tsaya a gaban madubi yana huci.

"Tashi mu je. A Sallar bara aiki ya yi wa Nagoggo yawa, na ba shi zanukan mayafi don tausayi. Yau ni Kabo zan tsallaka titi in roƙi kayana! Mutumin da ni na koya masa zura zare a allura! Kin ga abin da kika jawo mini?"

Nagoggo yana zaune a ƙofar shagonsa tare da mutane. Da ya hango su sai ya miƙe yana washe baki.

"A'a! Manya! Yau Kabo ne a shagona? Ko injinka ya yi yaji ne?"

Kafin Kawu ya amsa, Shatu ta durƙusa.

"Baba, ni na yi laifi. Na goge zanukan mayafi na Kawu. Don Allah ka taimaka mana da su."

"Tashi, 'yata, ke kam na ba ki," in ji Nagoggo. "Amma kawunki sai ya faɗa a gaban jama'a cewa Nagoggo ya iya."

Kawu ya gyara murya, ya ɗaga hannu.

"Jama'a, ku shaida! Nagoggo ya iya!" Ya karɓi filashi, ya jefa a aljihu. "Ya iya ajiyar kayan mutane."

Mutane suka kwashe da dariya. Nagoggo ya bi shi da tsintsiya har bakin titi, shi ma yana dariya.

A shago Kawu ya yanke bakin mayafin da ya yage, ya yi masa sabuwar kalmasa. Ya ba Shatu guntun da ya yanke.

"A kan wannan za mu fara gwadawa. Ni ma da na gwada tun farko, da ba haka ba. Amma kada ki gaya wa Nagoggo na ce haka."

Suka gwada. Fure ya fito lafiya lau. Sa'an nan aka ɗora mayafi. Shatu ba ta ɗauke ido daga kan allura ba har aka gama.

Ita ta kai shi da kanta. Siddiƙa ta karɓa. Ta warware, ta yafa, ta juya dama, ta juya hagu.

"An rage masa tsawo," in ji Shatu. "Ki yi haƙuri."

"Da ma yana share mini ƙasa," in ji Siddiƙa. Ta shafa furen da yatsa. Sai ta dubi Shatu. "Ummata ta yi mini faɗa. Ta ce da wata ce, cewa za ta yi inji ne ya lalace. Me ya sa ba ki ce haka ba?"

"Ai ba injin ba ne."

Sai Siddiƙa ta kama hannunta.

"Shigo ki gaida Umma. Kuma ranar Asabar ki zo da wuri. Kusa da ni za ki zauna."

Aka yi sauka lafiya. Mayafi ya yi kyau, Shatu ta ci waina har ta ƙoshi.

Bayan haka Siddiƙa ta fara biyo Shatu shago. Kawu ya ba su izinin rage maimaicin zanuka na gaskiya. Da farko suka kwashe komai suka adana a wani filashi. Sa'an nan Siddiƙa ta karanto suna da lamba, Shatu ta gwada da na ɗayan. In komai ya zo daidai, su tambayi Kawu kafin su goge. In akwai bambanci, su rubuta wa ɗaya "shadda", ɗaya "mayafi".

"Kawu, wannan fa?"

"Baba, wancan fa?"

"Wayyo ni Kabo!" in ji Kawu, yana toshe kunne. "Tambaya ta hana ni shan iska a shagona!" Amma duk wadda suka yi, sai ya zo ya duba.

Yara, abu biyu suna iya yin kama ba su zama ɗaya ba. Kada ku goge ko ku zubar da abin da ba naku ba sai kun tambaya. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, ku tsaya a gyara da ku.