Tafi a Ɗakin da Babu Kowa

Da yammacin wata Asabar, lokacin da ganyen tuffa ya gama zuba a bayan gida, Hajrija ta sauke tukunyar wake daga murhu tun kafin a kira magariba. Ranar ba zaman gida za a yi ba. Mijinta Ragib, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ma'aikatar yanka katako, ya fito da kwat ɗin da ba ya sawa sai ranar Idi ko jana'iza, yana tsaye gaban madubi yana kokawa da maɓallin wuya. 'Yarsu Belkisa, malamar firamare, tana kakkaɓe masa kafaɗa tana dariya.

"Babo, fim za ka kalla fa, ba aure za ka nemo ba."

"Ɗana ne ya yi fim ɗin. So kike in je da kayan barci?"

Sanel, yayan Belkisa, ya daɗe a Sarajevo yana harkar fim. Wannan shi ne babban aikinsa na farko. An nuna shi a ƙasashen waje, an yaba, yau kuma ya kawo shi ɗan garinsu na bakin kogi. A gidan babu wanda ya taɓa ganin fim ɗin. Duk wanda ya tambayi Sanel labarin, sai ya yi murmushi ya ce a jira. Belkisa ta yi makonni tana yi wa 'yan ajinta alfahari da yayanta.

Ɗakin taron gari ya cika har ana tsaye jikin bango. Aka kashe fitilu.

Labarin wata budurwa ce da wani haske ya sauko daga sama ya ɗauke ta a bakin rafi. Bayan kwanaki aka tsince ta a daji, ba ta san inda ta je ba. Ta ce wasu halittu ne daga wata duniya, masu manyan kawuna da idanu baƙaƙe, suka tafi da ita. Likita ya ce ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu. Iyayenta suka kulle ta a ɗaki, kuma har fim ɗin ya yi nisa mai kallo ba ya iya cewa ga mai gaskiya.

Da farko samarin da ke baya sun mai da abin wasa. Da halittun suka bayyana, wani ya yi fito.

"Wallahi wannan surukina ne sak!"

Aka kwashe da dariya. Wata tsohuwa a gaba ta juyo ta ce a ji tsoron Allah, sannan ta ci gaba da motsa baki da addu'a. Wani direban babbar mota ya ce da ƙarfi shi ma ya taɓa ganin irin hasken nan a hanyar Tuzla, matarsa ta zungure shi ta ce abin da ya sha ne ranar.

Sai aka nuno ƙofar ɗakin da aka kulle yarinyar. Ƙofa ce koriya, da tsaguwa a ƙasanta. Allon ya tsaya a kanta, babu kiɗa, babu motsi. Daga bayan ƙofar wata murya ta fara magana, mai kauri, mai ja, kamar ta tsohon da ke magana daga ƙasan rijiya, amma a ƙarƙashinta ana jin numfashin yarinya tana shessheƙa.

Dariya ta ɗauke. Wata mata ta janye ɗanta ta fita. Tsohuwar nan ta daina addu'a, bakinta a buɗe. Duk wanda ke ɗakin ya ji a jikinsa cewa wannan ba wasan kwaikwayo ba ne.

Hajrija ta damƙe hannun mijinta. Belkisa ba ta motsa ba. Ta san muryar, domin daga maƙogwaronta ta fito.

Tun tana 'yar sakandare abin ya faru. Ta je wajen tsohon injin niƙan da ruwa ke juyawa da magariba, ba ta dawo ba. Da aka same ta a daji, ba ita kaɗai ta dawo gida ba. Wani tsohon limami, wanda yanzu ya rasu, ya yi fama da abin da ke jikinta har ya yarda ya fita, bisa sharaɗi guda: abin da aka ji a gidan nan ya tsaya a gidan nan. Aka gaya wa gari zazzaɓi ne ya kwantar da ita. Sanel yana saurayi a lokacin, yana da ƙaramar kamara, ya laɓe a bakin ƙofa ya naɗi komai. Daga baya Belkisa ta gane, ta yi kuka, shi kuma ya dafa kanta ya rantse mata ya goge.

A layin baya wata murya ta raɗa, raɗar da kowa ya ji:

"Ai wannan ƙofar gidan Ragib ce."

Kawuna suka fara juyowa ɗaya bayan ɗaya, hasken allo yana wasa a fuskokinsu.

Da fim ya ƙare aka yi tafi mai tsawo. Sanel ya hau dandamali yana sunkuyar da kai. Wani ɗalibi ya tambaye shi inda ya samo wannan murya, ya yi dariya ya ce sirrin sana'a ne. A bakin ƙofa mutane suka tsaya gungu-gungu suna gardama. Wasu suka ce halittun sama gaskiya ne, gwamnatoci ke ɓoyewa. Wasu suka ce hauka ne kawai. Tsofaffi kuwa sun san sunan abin, amma ba sa ambatonsa bayan faɗuwar rana. Maƙwabciyarsu Fadila ta riƙo hannun Belkisa, idonta na ƙyalli.

"Allah sarki, 'yar nan. Ashe zazzaɓin nan ke nan."

Belkisa ta zare hannunta ta kama hanyar gida ita kaɗai.

Washegari, daidai lokacin da hasken rana ya bar kan tsauni, dutse na farko ya faɗo a kan rufi. Ragib ya fita da sanda yana zagin yaran unguwa. Layin babu kowa, ko kare. Yana tsaye na biyu ya faɗo, sannan na uku, a hankali, kamar mai jifan ba ya sauri. Ya ɗauki ɗaya. Dutsen rafi ne, mai santsi, jiƙe da ruwa, da gansakuka a jikinsa.

Kowace magariba abin ya riƙa dawowa. Sannan duwatsun suka daina tsayawa a rufi. Hajrija na zuba gahawa, ƙofa da tagogi a rufe, wani ya faɗo tsakiyar faranti ya fasa kofi. Ruwan randa ya koma warin laka. Abin da ya fi karya musu zuciya shi ne tafin. Daga ɗakin bene mai koriyar ƙofa, ɗakin da aka daɗe ba a kwana a ciki, sai a ji ana tafi, hannu biyu kacal, a jere, ba gaggawa. Idan Ragib ya hau ya buɗe, sai tsofaffin barguna da sanyi.

A makaranta kujerun ajin Belkisa suka fara zama babu kowa. Iyaye suka ce yaransu na mura. Shugabar makaranta ta kira ta, ta yi mata magana mai laushi, ta ce ta ɗan huta a gida. Ta dawo ta zauna gaban taga, ta daina ci, ta daina amsa kira. Sanel ya fasa komawa Sarajevo. Yana bin ta da magana.

"Belkisa, ban sa sunanki ba. Na canza komai. Na mai da shi labarin halittun sama don kada kowa ya gane."

Ba ta ko dube shi ba. Da wani dutse ya faɗo kusa da ƙafarsa, hannunsa ya tafi aljihu da kansa, ya ciro waya ya ɗaga. Ragib, wanda bai taɓa dukan ɗansa ba, ya buge wayar ta daki bango.

"Har yanzu ba ka ƙoshi ba?"

Ran da Belkisa ta juyo daga taga ta kira mahaifiyarta da sunanta tsirara, da waccan muryar, Ragib ya ɗauki mota ya haye dutse ya ɗauko Hafiz Zuhdija, mai ruƙiyya, wanda ake kira efendija, wato malam.

Mutum ne siriri, mai ɗan gemu fari, ba ya son yawan magana. Ya iso bayan la'asar, ya ƙi gahawa, ya yi alwala. Ya sa aka kwantar da Belkisa a ɗakin zama aka lulluɓe ta, uwarta a gefen kanta. Ya dubi Sanel.

"Kai ne mai fim ɗin? Zauna nan inda za ta gan ka."

Ya fara karatu da murya ƙasa-ƙasa. Hasken taga ya yi ja, ya yi toka. A kan rufi duwatsu suka fara sauka kamar ƙanƙara, sannan suka tsaya tsit. Jikin Belkisa ya miƙe, yatsunta suka lanƙwashe. Bakinta ya buɗe.

"Ya isa, efendija. Kana ƙona ni a banza. Ba ni na karya alkawari ba."

"Wane ne kai?"

"Wanda ya fita ya ba ku lafiya. Na koma ƙarƙashin injin niƙa na yi shiru. Ko inuwar gidan nan ban sake takawa ba. Ka tambaye su."

"Me ya dawo da kai?"

Kan Belkisa ya juya a hankali ya fuskanci Sanel, idanun a rufe.

"Wannan. Ya saci muryata ya kai ta kasuwa. Ya ɗora mini kai kamar kabewa, da idanun kwaɗo, ya ce daga taurari na zo. Ni da nake bakin ruwan nan tun kakanninsu ba su iya hura wuta ba. Yara sun yi mini fito. An yi tafi. Duk inda aka kunna abin nan sai in ji ana jan maƙogwarona."

"An zalunce ka," in ji Hafiz. "Amma wadda kake ciki ba ita ta zalunce ka ba. Ita ma zaluntarta aka yi. Me kake so ka fita?"

"Ita. Tunda sun tona ta, su bar mini ita."

"Ba za ka samu ba."

Ya ci gaba da karatu. Muryar ta yi ƙara, Hajrija ta kifa fuskarta a kan gashin 'yarta.

"To harshensa! A ba ni harshensa, kada ya sake faɗin kalma!"

"Shi ma ba naka ba ne. Nemi abin da yake naka."

Ana jin itace na ƙara a murhu.

"Muryata. A cire ta daga abin nan duk inda yake. Asalin kaset ɗin da ya naɗa kuma a jefa mini a ruwa."

Sanel ya matso kusa da Hafiz. "Efendija, fim ɗin ya riga ya fita. Kuma idan aka cire wajen nan, babu abin da ya rage a cikinsa. Wajen nan ne mutane suke..."

Ya kasa ƙarasawa, domin ya ga yadda mahaifinsa ke kallonsa.

"Ƙanwarka ce a kwance," in ji Hafiz. "Za ka rantse ko in tashi?"

Sanel ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya rantse. Hafiz ya riƙe ƙaramin yatsan hannun Belkisa na hagu, ya umarci abin ya fita ta nan, kada ya taɓa ido ko kunne. Yatsan ya yi ta karkarwa, sannan hannun duka ya saki. Wata iska mai warin rafi ta ratsa ɗakin ta kaɗa labule, ƙofar bene ta rufe da kanta a hankali. Hajrija ta fashe da kukan godiya.

Sai bakin Belkisa ya sake motsawa. Idanunta har yanzu a rufe, muryar a dishe.

"Saura abu ɗaya. Kada ya sake kwana a ƙarƙashin rufin nan. Kada ya sake kirana ƙanwarsa."

Sanel ya rarrafo ya kama gefen rigar Hafiz.

"Efendija, ka yi masa magana. Na ba shi abin da ya nema. Wannan ba ya cikin sharaɗi, ka ce masa ba hakkinsa ba ne."

Hafiz Zuhdija ya rufe Alƙur'ani ya naɗe shi a ƙyallensa. Ya dubi saurayin.

"Ɗana, wancan ya tafi tun ɗazu. Wannan ƙanwarka ce da kanta, ba ni da karatun da zai fitar da ita."

Belkisa ta buɗe ido. Idanunta ne, tas, babu komai a cikinsu sai gajiya. Ta dubi yayanta sau ɗaya, sannan ta nemi uwarta ta ba ta ruwa.

Da gari ya waye Ragib ya raka Sanel wajen injin niƙa, ya tsaya har ya ga kaset ɗin ya nutse. Duwatsu ba su sake faɗowa ba. Fim ɗin ya ci gaba da yawo ba tare da muryar ba, masu kallo suna fitowa suna cewa ba su ga abin da ake zuzutawa ba. Belkisa ta nemi canjin makaranta zuwa wani ƙauye a bayan dutse, inda babu ɗakin taro.

Amma a safiyar da suka dawo daga injin niƙa, da Sanel ya fito da jakarsa, Hajrija ta biyo shi bakin ƙofa da buta a hannu. A garin, idan ɗa zai yi tafiya, uwa kan zuba ruwa a bayansa don hanya ta yi masa sauƙi ya dawo lafiya. Ta yi masa haka tun ranar da ya fara barin gida. Sanel ya sauka daga matakala, ya ɗan rage sauri, yana saurare.

Hajrija ta ɗaga kai ta ga 'yarta tsaye a taga. Ta tsaya da butar har motar da ta ɗauke shi ta sha kwana, sannan ta koma ciki da ruwanta.