Farantan da Aka Kira Jabu

Ranar da ta fara ganinsa, ko sallamar kirki bai yi ba. Ya dafa kantar shagon da hannu duk baƙin mai, ya ce, "Farantan kuloci. Na kamfanin babur ɗin nake so, ba tarkacen da kuke tallatawa ba."

Ta ɗago daga kwalayen da take jerawa ta ƙare masa kallo. Sabon makaniken da ya kama rumfar tsallaken titi ne. Dogo, fuskar ba laifi, sai dai baki ba linzami.

"Na kamfani sun ƙare. Waɗannan wasu ne suka ƙera su, kuma tun ban san kaina ba Baba ke sayar da su. In ba ka so, ga hanya."

Ya ja tsaki ya karɓa. "Miƙo mai."

Ta kai hannu baya ba tare da ta waiwaya ba, don idonta na kan rama harara, ta dire masa galan.

Haushi ne ya sa ta bi shi da kallo, ko kuma haka ta gaya wa kanta. Ya tsiyaye tsohon mai, ya kwance murfin kuloci, ya sassauta kusoshin a gicciye. Sababbin farantan kuwa ya nutsa su a tasa cike da mai, ya bar su suka sha. Daga baya ya jera su, yana sa farantin ƙarfe tsakanin kowane biyu, har ya rufe. Ta taɓe baki. Mara kunya, amma hannunsa ya iya aiki.

Ba a jima ba sai ga shi ya dawo a fusace, Baba na zaune, shago cike da masu babura. Ya watsa farantan a kan kantar shagon, sun yi baƙi suna ƙauri.

"Inji na ta kururuwa, babur ba ya gaba. Jabu kuke sayarwa."

Baba ya ɗauki ɗaya ya murza tsakanin yatsunsa, ya miƙe tsaye. "Ni za ka kira mai jabu a gaban jama'a? Kada ƙafarka ta sake taka mini shago."

Ƙafar ba ta taka ba, amma lambar wayarta na rubuce a allon shagon. Sai saƙonni suka fara kai da kawo, ya raɗa mata Barkono, ita kuma ta raɗa masa Baƙin Mai.

"Barkono, ki gaya wa tsoho ya ji tsoron Allah."

"Baƙin Mai, ka koyi aiki kafin ka koyi rubutu."

"Yau kin harare ni har sifana ta faɗi daga hannuna. Ki kiyaye ni."

"Da ma a ƙafarka ta faɗo."

Haka suka yi ta yi, ba safe ba rana. Ita dai ta san ta tsane shi. Abin da ta kasa ganewa shi ne dalilin da ya sa ranar da bai zage ta ba ta wuni tana leƙa waya, tana huce haushi a kan masu saye.

Can sai ga saƙo: "Barkono, zo bayan rumfa. Ba faɗa."

Ta same shi riƙe da galan ɗin nan. Ya juya mata shi. Hoton mota ne a jiki.

"Man mota kika ba ni. Santsinsa ya yi wa kulocin babur yawa, shi ya hana farantan kamawa har suka ƙone. Ni ma ban duba ba. Ke nake kallo."

Ta tuna ita ta miƙa masa ba tare da ta duba ba. Baba bai taɓa son zamanta a shago ba, dalili kawai yake nema ya mayar da ita gida.

"Je ka faɗa masa mana. Ai abin da kake so ke nan."

"In ya cire ki daga shagon nan, wa zan riƙa zagi?" Ya sunkuyar da kai. "Ina son ki, Barkono. Abin ya ishe ni."

"Ka ji ka da wata magana," ta ce, amma ta kasa tafiya. Ita ma tana son sa, kuma hakan ya fi komai ba ta haushi.

Da ya turo kawunsa, Baba ko tabarma bai bari an shimfiɗa ba. Ga dillalin da ke kawo musu kaya ya daɗe yana zarya neman aurenta, mai fara'a da ƙamshin turare, kuma shi Baba ke yi wa murmushi. Ta ce ba ta so. Gidan ya ɗauki zafi, Inna na lallashin wannan tana lallashin wancan, har Baba ya gaji ya yanke magana.

"Makaniken ya zo ya sa irin farantan nan a babur ɗina, a ƙofar shagona. Sannan ya faɗa wa jama'a da bakinsa abin da ya ƙona na farko."

Masu babura suka yi cincirindo, har dillali ya samu wuri ya tsaya yana yaƙe. Makanike ya jiƙa farantan, ya jera, ya ɗaure, ya daidaita wayar kuloci. Baba ya hau ya saki hannun kuloci a hankali, babur ya ɗauka tsaf. Ya zaga ya dawo fuska a murtuke.

"To, me ya ƙona na farko?"

Ta riƙe gefen kantar shagon. Makanike bai dube ta ba.

"Ni ne, Baba. A bushe na sa su, ban jiƙa ba. Kayanka ba jabu ba ne."

Wurin ya ɗauki gunaguni. Wa zai sake kai wa makaniken da ke sa faranti a bushe babur ɗinsa? Ta buɗe baki za ta yi magana.

"Ke, yi mini shiru." Baba ya juya kan makanike. "Maƙaryaci. Tun ranar da ka watsa mini su na murza na ji man mota ne, na kuma san hannun da ya miƙa maka. Kalmar jabun ce ta tsaya mini a wuya." Ya dubi jama'a. "Aikinsa ba aibu, ku ji da kyau." Sannan ya sake hararar makanike. "Ba ka da ladabi ko na miskala. Amma ka yarda ka zubar da sana'arka don ka rufa wa 'yata asiri. Ka ce wa kawun naka ya dawo."

Hawaye suka zubo mata, ta juya baya don kada Baƙin Mai ya gani ya samu abin tsokana.

Ranar ɗaurin aure Baba ya sa su gaba, har yanzu bai saki fuska duka ba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan muryarsa ta yi laushi.

"Duk ku biyun masifaffu ne, gara da kuka haɗu kuka bar 'ya'yan mutane suka huta. Ka riƙe mini ita da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

"Amin, Baba," suka ce tare, karon farko da bakinsu ya zo ɗaya.