Wa Ke Yi wa Wata Aski?

Auta ba ta taɓa ganin teku ba. Ga shi Malama ta ce sai wanda ya iya bayyana yadda wata yake ƙaruwa yana raguwa zai shiga motar makaranta a je bakin teku. Auta kuwa, lokacin da ake darasin, kyanwa take zanawa a tafin hannunta.

Maimakon ta koma wurin Malama, sai ta nufi shagon kawunta mai aski. Kawu bai taɓa cewa "ban sani ba" tun da aka haife shi.

"Kawu, me ya sa wata yake raguwa?"

Kawu ya ajiye almakashi, ya gyara gashin bakinsa a madubi.

"Kin zo inda ya dace, 'yata. Aski ake yi masa. Kullum a rage gefe, har ya zama siriri. Daga nan ya sake tohowa."

"To ruwan teku fa, da yake cikowa ya janye?"

"Wankin kai mana! Wa ya taɓa aski bai wanke kai ba?"

Mutumin da ake yi wa aski ya kama tari. Auta ba ta gane dariya yake dannewa ba.

Washegari ta miƙe a gaban aji, ta zuba bayanin Kawu kaf. Ajin ya tuntsire da dariya.

Wani yaro ya ce, "Da reza ko da inji?"

Malama ta dafe kai. "Auta, ni na faɗi haka?"

"A'a, Malama."

"To me na faɗa?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"In ba ki gyara ba, ba teku."

Da aka fita hutun tara, Auta ta tsaya tana sharar ƙwalla. "Malama, ban saurara ba. Don Allah a sake koya mini."

Malama ta rufe tagogi, ta kunna tocila, ta miƙa mata ƙwallo.

"Tocila ce rana, kanki duniya, ƙwallo wata. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maidowa. Ɗaga ƙwallon sama kaɗan, ki juya a hankali."

Da Auta ta fuskanci tocila, gefen ƙwallon da take gani duhu ne. Tana juyawa, haske ya ɓullo siriri, ya zama rabi. Da ta ba tocila baya, ya cika fal.

"Lah! Ashe babu abin da ya ragu!"

"Ko kaɗan. Kullum rabinsa na cikin haske. Abin da muke hangowa daga duniya ne yake canzawa. Kuma wata yana jan ruwan teku, duniya na juyawa, sai ruwan ya ciko ya janye. Rana ma tana ja. In su biyun suka yi layi ɗaya da duniya, ruwan ya fi cikowa."

Da yamma Auta ta faɗa shagon, rai a ɓace.

"Kawu, ka sa an yi mini dariya!"

Kawu ya dafe ƙirji. "Ni? Yaran zamani! A yi muku wasa, ku kwashe ku kai makaranta, sannan a ce Kawu ne. To malama ƙarama, nuna mini naki."

Babu ƙwallo a shagon. Auta ta ja labule, ta cire masa hula, ta haska sanƙonsa da tocila.

"Ku zagaya ku gani," ta ce wa masu jiran aski. "Daga nan jinjirin wata. Daga can cikakke."

Shagon ya kaure da dariya. Kawu ya shafa kansa. "Ai ko a sama ba a samun mai kyan wannan."

Ranar tafiya Auta ta sake yin bayani a aji, ba tuntuɓe, ta zauna kusa da taga a mota. Tun daga lokacin tana sauraro a aji, kuma abin da ba ta gane ba, wanda ya sani take tambaya.