Abin da Ke Bayan Gada

Babu namijin da ya haura arba'in, mai iyali da mutunci, da zai zauna gaban tele yana danna maɓalli domin mutumin ƙarya ya hau dokin ƙarya. Insifekta Sama'ila Yusha'u ne ya faɗi haka a taron iyayen 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, aka tafa masa har sau biyu. Wani malami ma ya rubuta maganar a takarda don kada ta ɓace.

Mako uku bayan haka, ranar Litinin da asuba, ruwan shuka ya sauka a yankin Mayahi. Da la'asar aka kira Insifekta gidan Elhaji Taufiq, mai babban shagon kayan gini. An yi sata.

"Ordinater ce, kwamfuta ta aiki," in ji Elhaji, yana nuna wani gurbi a ƙarƙashin tele. "Duk takardun kwangilata suna ciki. Na tahi Maraɗi da sahe, na dawo na iske wurin haka."

Insifekta ya duba ɗakin. Ɓarawon ya bar tele mai faɗin ƙofa. Ya bar batirin sola, ya bar agogon Makka. Cikin wayoyi goma sha da suka cukurkuɗe a bayan tebur, biyu kawai ya zare, kuma bai yi kuskure ba.

Ya ɗaga matashin kujera. A ƙarƙashi akwai wani baƙin abu mai ƙaho biyu da maɓallai.

"Wannan fa, Elhaji?"

"Ta fanka ce."

"Ta fanka."

"Fankar zamani."

Insifekta ya ɗauki abin. Kafin ya ankara, babban yatsansa na hagu ya riga ya hau 'yar sandar tuƙi, ya zauna daidai inda robar ta cinye. Tasa ma a nan ta cinye. Ya ajiye abin da sauri kamar ya taɓa garwashi.

Domin a gidan Insifekta akwai wani ɗaki da ake cewa na takardun bincike ne. Shekara biyu ke nan ba takarda ko ɗaya a cikinsa.

Birgadiye Abdussalamu ya shigo riƙe da hannun wani dogon mutum busasshe, mai buhu a kafaɗa.

"Shef, ga maigadin. A tasha na kama shi, zai hau mota."

"Sunanka?"

"Rufa'i, ranka ya daɗe."

"Ina ka je da hantsi?"

"Kasuwa, sayen iri. Ruwa ya sauka. Na ce wa Elhaji in tahi gida in yi shuka, ya ce in jira ya dawo. Ya dawo, shi ne na kama hanya."

"Ka bar ƙofa a buɗe?"

"Na jawo ta dai."

Aka zazzage buhun. Gero ne tiya huɗu da wake kaɗan.

Elhaji ya ce shi dai bai zargi kowa ba, amma mutum ba ya gudu haka kawai. Birgadiye ya ce haka ne. Dukansu suka dubi Insifekta. Shi kuwa ya san mutumin da ya zaɓi waɗannan wayoyi biyu ya sha haɗa su da hannunsa, kuma maigadin nan ko kunna tele bai iya ba. Amma in ya faɗi haka, sai a tambaye shi yadda aka yi ya san wayoyin.

"A ajiye shi tukuna," in ji shi.

"Ranka ya daɗe," Rufa'i ya ce a hankali, "gonata can bayan garin Sarkin Hausa take. Rairayi ce. Kwana biyu take riƙe laima, uku in Allah ya so. Ba mai yi mini sara, daga matata sai tsohuwa."

"Gobe za mu gani."

Ranar Talata da safe Insifekta ya koma gidan Elhaji shi kaɗai. A bayan kujera ya tsinci wata takarda a ninke. Taswira ce ta hannu, an zana ta da kyau: kibiyar arewa a sama, ma'auni a ƙasa, alamomi da jan biro.

"Gonakina ne na Isawan," in ji Elhaji.

"Akwai kogi a Isawan?"

"In damina ta yi kyau."

"Da hanyar jirgin ƙasa? Da dutse mai ƙanƙara a kai?"

Elhaji ya ce a kawo wa baƙo ruwa.

Insifekta bai buƙaci a fassara masa taswirar ba. Ya san kogin, ya faɗa cikinsa ya fi sau talatin. Ya san garin masu haƙar zinariya, ya san dajin da ake farautar barewa. Ƙasar wasan doki ce, wanda ake sakinka a fili ka nufi duk inda ranka ya so. A ƙarshen taswirar an zana gada, aka kewaye ta da ja sau uku. Bayan gadar takarda ce fara.

Mutum ɗaya ne a garin zai sa ma'auni a taswirar ƙasar da babu ita: Mushe Lamine, malamin labarin ƙasa, aminin Elhaji tun suna yara. Shi ne kuma malamin da ya rubuta maganar Insifekta ranar taro.

Ya same shi a gindin bedi a ƙofar gidansa, idanu jajir, yana gyaran takardun jarrabawa.

"Mushe, wannan zanenka ne?"

"Darasi ne. Ƙasar misali, don yara su koyi karatun taswira."

"Kana zuwa gidan Elhaji?"

"Shan shayi."

"Jiya da hantsi fa?"

"Ina fama da ciwon kai."

"Ka san wata na'urar wasa a ɗakinsa?"

Mushe Lamine ya cire tabarau, ya dube shi da mamaki irin na mutumin kirki. "Wasa? Haba, Insifekta. Ai kai ka faɗa mana gaskiya ranar nan. Namijin da ya haura arba'in... Ina da ita a rubuce, in ɗauko maka?"

"Bar ta," in ji Insifekta.

Ya koma gida cin abincin rana. Matarsa Basira ta ajiye masa tuwo, ta zauna tana kallonsa.

"An ce kun rufe Rufa'i mai gadin Elhaji."

"Bincike ne."

"To. Yau ba za ka shiga ɗakin takardu ba? Jiya na ji takardun suna haniniya."

Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ya yanke shawara irin ta manyan ma'aikata: a bar abin ya kwana. Wataƙila ɓarawon ya ji kunya ya mayar da kayan, kowa ya tsira da rawaninsa.

Ɓarawon bai mayar ba.

Ranar Laraba aka fito da Rufa'i tsakar ofis ya yi alwala. Insifekta yana kallonsa ta taga. Mutumin bai fara da buta ba. Ya tsuguna, ya cusa yatsa cikin ƙasa, ya zaro, ya duba. Ya sake cusawa, har yatsan ya nutse duka. Ya zaro, ya goge a rigarsa, sannan ya ɗauki butar.

Insifekta ya aika a kira Elhaji, ya rufe ƙofa.

"Elhaji, fankar nan taka. Wasa nawa ne a cikinta?"

Elhaji ya daɗe yana kallon silin. "Biyu," ya ce. "Don Allah kada Hajiya ta ji."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Shi wasan birni yake so: ka ɗauki motar da ka ga dama, ka bi titi, 'yan sanda su biyo ka, ka ɓace musu. "Ka yi haƙuri, Insifekta, na cikin tele nake nuhi." Lamine kuwa sai wasan doki. "Mutum ya yi rabin awa bisa doki ba abin da ya faru, sai ciyawa. In ciyawa nake son gani ai sai in tahi Isawan." Wata takwas suna wannan gardama kowace Asabar. Yanzu sabon wasan birni ya fito, na'urar ta cika, sai an goge ɗaya.

"Ka gaya masa za ka goge na dokin?"

"Ran Asabar. Na ce Talata zan goge. Mako uku yana maƙale a wata gada, ya kasa ƙetarewa. Na ce to mi ya rage?"

Aka kawo Mushe Lamine da ƙarfe goma sha ɗaya. Birgadiye ya zauna gaban na'urar rubutu. Mushe ya maimaita maganar ciwon kai da ƙasar misali, kalma bayan kalma.

Insifekta ya jingina, ya juya wajen Elhaji kamar hira.

"Ni dai yadda na ji, Elhaji, kai ke da gaskiya. Wasan birni ya fi. Akwai jama'a, akwai rediyo a mota, kowane lungu da abinsa. Na dokin nan an ce fili ne kawai aka shimfiɗa don a cika wuri."

"Voilà!" in ji Elhaji.

Mushe Lamine ya dubi bango.

"Dokin ma an ce kamar jaki yake tafiya. Kuma wai a gadar nan wasan ya ƙare. Masu yin sa sun gaji, bayanta ba su sa komai ba."

"Shi ya sa na ce a goge!"

"Ƙarya ne!" Mushe Lamine ya miƙe tsaye. "Bayan gada akwai tafki! Akwai garin da aka ƙone, akwai tsohuwa mai kiwon zuma a kan tudu! Kai da ba ka san komi ba sai take mutane da mota, kai za ka..."

Ya tsaya. Na'urar rubutu ma ta tsaya.

"Ran Asabar ba ka ƙetare ba," in ji Insifekta. "Yaushe ka ƙetare, Mushe?"

Malamin ya zauna a hankali. Amma shekara ashirin yana sauraron ƙaryar 'yan lakwal, ya san yadda ake yin ta.

"Ƙirƙira na yi, don in ba Elhaji haushi. Wa zai ce akwai tafki ko babu? Elhaji bai taɓa zuwa ba. Kai kuma, Insifekta, ai ba ka san waɗannan abubuwa ba."

Ta taga ana hango Rufa'i zaune a inuwa, ya ɗaga kai yana duban sama, wadda babu ko ɗigon girgije a cikinta.

"Akwai tafkin," in ji Insifekta. Muryarsa ta fito ƙarama, sai ya sake faɗa da ƙarfi. "Akwai shi. Tsohuwar ɗingishi take yi, kuma ba ta magana da kai sai ka sauke bindiga. Na ƙetare gadar tun kafin azumi. Sau biyu na gama wasan."

Elhaji ya buɗe baki. Birgadiye ya ɗaga yatsu daga maɓallai.

"Shef... in rubuta?"

"Rubuta."

Mushe Lamine ya rufe fuska da tafin hannu. Na'urar tana cikin kwalin takardun jarrabawa, in ji shi, tare da ɗayan abin dannawa. Ya ga maigadi ya fita, ya san inda ake ajiye makulli. Ba sayarwa zai yi ba. Dokin ne. Wata takwas yana kiwonsa, yana goge masa jiki, ya sa masa suna Akawal, sunan dokin mahaifinsa. Ba zai iya zama ya ga an goge shi don a sa motoci ba.

"Ka san an rufe Rufa'i tun Litinin?"

"Na sani." Bai ɗago ba. "Na ce in na ƙetare sai in maido."

Birgadiye ya kama hannunsa. A bakin ƙofa malamin ya waiwayo, ya yi ƙasa da murya.

"Insifekta, don Allah. Kai da ka ƙetare, naka dokin ya rayu? Nawa harbe shi suka yi a tsakiyar gadar."

"Na kowa a nan yake mutuwa, Mushe. Haka aka tsara wasan."

Aka wuce da shi.

Kafin azahar labari ya kai tasha. Insifekta ya ɗauki Rufa'i a bayan moto, wato babur, da buhunsa, suka bi ta kasuwa. Wani mai shayi ya yi haniniya. Aka yi dariya har da buga benci. Insifekta bai juya ba.

Sun kai gonar rana ta karkata. Gonakin maƙwabta duk an shuke su, sawun ƙafa layi-layi har ƙarshen gani. Matar Rufa'i ta yi abin da ta iya, wani ɗan yanki kusa da bukka. Ta kawo wa mijinta sungumi.

Ya sara. Farin rairayi ya zubo ya cike ramin. Ya sake sarawa da ƙarfi, ya tsuguna, ya sa hannu har wuyan hannu.

"Laimar ta tahi," ya ce. "Sai dai mu binne hakanan, mu jira wani ruwan. In ɓeraye sun bar muna."

Insifekta ya tsaya riƙe da hularsa. Tun a hanya yake shirya magana, mai kyau, irin wadda ake tafa wa. Ya neme ta ya rasa.

"Mun gode, ranka ya daɗe, da ka gano gaskiya," in ji Rufa'i. "Koma kada rana ta dake ka. Kana da aiki."

Ya juya, ya sara rami na gaba. Matarsa ta biyo shi da ƙwarya, tana jefa iri cikin busasshiyar ƙasa, tana rufewa da diddige.